Yadda Za Ka Tayar da Tsohuwar Kwamfutar Surukinka Alhali Ba Ka San Komai a Kanta Ba

Ɗan'uwa, gyara zama ka saurara. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba ka tsallake ko guda ba, na yi maka alkawarin abu biyu: kwamfutar za ta tashi, kuma za ka fito daga gidan surukai da mutuncinka. Wannan tabbas ne. Duk wanda ya bi hanyata bai taɓa dawowa da ƙorafi ba. Wasu ma ba su sake yi mini magana ba.

Na san yadda aka yi ka faɗa cikin wannan hali. Tun kana neman aure aka tambaye ka aikinka, ka gyara hula ka ce, "Ina ɗan taɓa harkar kwamfuta." Ba ƙarya ka yi ba, kana taɓa ta. A ofis kai ne mai buga takardu, kuma duk ranar da abin ya daskare sai ka kashe ka kunna, idan ya ƙi ka fita shan iska har wani ya zo. Amma a gidan surukai magana ba ta tsayawa inda ka ajiye ta. Kafin a haifi ɗanka na fari an riga an mai da kai injiniya.

Yau kuma ga matarka ta gama waya ta juyo ta dube ka.

Mataki na 1: Kada ka ce ba ka iya ba

Za ta ce, "Kwamfutar Baba ta ƙi tashi. Na ce masa za ka zo."

Za ka ce, "Wace kwamfuta? Wannan mai ƙusumbin?"

"Ita."

"Ai ta girmi aurenmu."

"Ta girmi aurenmu, kuma ya daina cin abinci a kanta. Yaya ta ce tun da ta lalace yake zaune a ɗaki, ko rediyo ba ya kunnawa."

"To me ke cikinta haka?"

"Ya ƙi faɗa. Ya ce dai a tayar masa da ita." Sai ta ƙara da cewa, "Idan ba za ka iya ba, ka gaya mini tun yanzu in nemo wani."

A nan ne marasa ƙwarewa ke faɗin gaskiya. Kai kada ka kuskura. Ka yi murmushin mutumin da aka raina, ka ce, "Haba. Ƙaramin abu ne." Za ta dube ka irin kallon da take yi maka idan ka ce ka san hanya, amma za ta bar ka.

Mataki na 2: Haɗa kayan aiki

Ka nemi sukudireba, da tocila, da tsohon buroshin haƙori, da robar goge fensir daga jakar makarantar ɗanka. Ka zuba su a babbar jaka. Jakar ta fi kayan muhimmanci. Idan ta yi sakayau, ka ƙara mata tsofaffin cajoji da duk wata waya da ba a san ta mene ce ba. Gwani ba ya shiga gida hannu rabbana, kuma ba wanda ya taɓa tambayar gwani me zai yi da caja.

Mataki na 3: Gaida mai gida, sannan ka duba mara lafiya

Za ka tarar da Baba a ɗakinsa, zaune a bakin gado, hannayensa a kan gwiwa. Ya faɗa fiye da yadda ka san shi. A gefensa ga kwanon abinci a rufe, ba a taɓa ba. Ka durƙusa ka gaishe shi da kyau.

"Ɗana, ka zo? Sun ɗora maka wahala."

"Ba wata wahala, Baba."

Kwamfutar na kan tebur kusa da taga, lulluɓe da wani farin ƙyalle mai ado a gefe. Aikin hannun Mama ne, surukarka, Allah Ya ji ƙanta. Tun da ta rasu ba wanda ke ɗaga ƙyallen nan sai Baba. Ka jira ya ɗaga da kansa, ya ninke, ya ajiye a kan matashi.

Yanzu ka zagaya teburin a hankali, hannu a baya. Ka leƙa nan, ka leƙa can, ka murɗa kunnen 'yan lasifikan da ke gefen allo. Ka ce, "Hmm." Ka ɗan jira, ka sake cewa, "Hmm," amma wannan karon ka ja shi. Rabin gyara ke nan.

Kana cikin haka za ka ji sallama da ƙarfi da ƙarar makullin mota. Mijin Yaya ne, wato mijin yayar matarka, wanda a ɓoye ake kira Ai-na-faɗa, domin ba abin da ya taɓa faruwa a duniya da bai riga ya faɗa ba. Zai tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makulli a yatsa.

"Injiniya, ya aka yi? Ai na faɗa musu tun bara abin nan ya gama yayi."

Ka gaishe shi da fara'a. Kada ka kore shi. Duk mai gyara yana bukatar wanda zai ɗora wa laifi idan abu ya kwaɓe.

Mataki na 4: Duba wuta, amma kada a gane wuta kake dubawa

Ka danna makunnin gaba. Shiru. Ko fitila ba ta ƙifta ba.

Sau da yawa matsalar daga waya ce ko daga soket. Sai dai idan ka tambayi dattijo, "Baba, an jona ta kuwa?" ka zage shi ke nan a gaban 'ya'yansa. Saboda haka ka yar da sukudirebarka da gangan a bayan tebur, ka rarrafa ka bi ta. Kana can ƙasa ka lalubi filogi, ka tura shi sosai. Ka shafa bayan akwatin kwamfutar, akwai wani ɗan makunni a ɓoye kusa da fanka, ka tabbatar a kunne yake. Ka duba wayar da ta haɗa akwatin da allo, ka murɗa kunnuwanta.

Idan duk da haka shiru, ka fito da yanar gizo-gizo a hularka ka ce wa matarka, "Kawo mini wayar butar shayi."

"Ta me?"

"Ta butar lantarki. Ki dai kawo."

Bakinsu ɗaya da na kwamfutar, amma kada ka yi wannan bayani. Gwanin da ke bayani, gwanintarsa na raguwa. Ka cire tsohuwar wayar, wadda za ka ga wani abu ya gwaigwiye ta a tsakiya, ka sa ta butar. Ka danna.

Fanka za ta yi gurnani kamar tsoho ya juya a barci. Fitila ta kawo. Baba ya miƙe tsaye. Sai kuma ka ji, ƙiiit, ƙiiit, ƙiiit, ba ƙaƙƙautawa, allo kuma baƙi ƙirin.

Baba zai koma ya zauna a hankali. Kada ka dubi fuskarsa, zai karya maka gwiwa.

Mataki na 5: Nemi izinin zagawa

Ka karkata kai ka saurari kukan kamar likita. Ka ce, "Tana magana." Ai-na-faɗa zai ce, "Tana dai ban kwana." Ka bar shi.

Ka ce cikinka ya ɗan juya. Ka shiga bayan gida, ka sa sakata, ka fito da wayarka ka rubuta: kwamfuta tana kuka, allo baƙi. Za ka tarar da mutane barkatai a faɗin duniya da suka shiga irin halinka, kowa na ba da shawara kamar shi ya ƙera ta. Wani zai ce ƙura ce. Wani zai ce ram ce ta saki. Wani zai ce ka jefar da ita ka huta, wannan ɗan'uwan Ai-na-faɗa ne, ka wuce shi.

Za ka ji an ƙwanƙwasa a hankali. Matarka ce, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Yallaɓai, idan sabis ba ya kamawa a nan, kusa da taga ya fi."

Kada ka amsa. Ka matsa kusa da taga.

Mataki na 6: Buɗe cikinta

Da farko ka zare wayar wuta gaba ɗaya. A duk bayanin nan, wannan ne kaɗai wurin da ba wasa nake ba.

Ka kwance kusoshin gefe, ka zame murfin. Abin da za ka gani ba kwamfuta ba ne, gari ne guda da mazaunansa. Ƙura ta yi kauri kamar bargo. Gizo-gizo ya gina unguwa. A kan fanka kuma wata tsaka ce zaune, tana kallonka kallon mai gida da aka shigo wa ba sallama. Za ta yi tsalle ta bi ta kan takalmin Ai-na-faɗa, shi kuma zai yi wata ƙara da ba ta dace da girmansa ba. Ka yi kamar ba ka ji ba, amma ka adana ta a zuciya saboda gaba.

Ka sa buroshi ka share a hankali. Kada ka hura da baki. Duk abin da ka hura, fuskarka zai dawo, kuma ba a ganin girman injiniya mai farar gira.

Akwai wani akwatin ƙarfe a can sama ta baya, inda wayar wuta ke shiga. Shi kada ka taɓa shi, kada ka buɗe shi, kada ka ko yi masa kallon banza.

Mataki na 7: Cire ram, ka tsare ƙofa

Ram wata 'yar siririyar aba ce koriya, tsayinta bai wuce rular yara ba, a tsaye cikin ramin da aka yi mata. Ka taɓa jikin ƙarfen akwatin tukuna, sannan ka danna 'yan kunnuwan da ke riƙe da ita, za ta ɗago. Ka goge bakinta mai ruwan zinare da robar fensir, a hankali, kamar kana goge kuskuren da ba ka so malami ya gani.

Daidai nan Ai-na-faɗa zai dawo hayyacinsa.

"Baba, wallahi ɓata lokaci ne. Ni zan kawo maka sabuwa, siririya, mai ninkewa. Ko kuma a kai wannan kasuwa a wanke ta tas, a zuba mata sabon komai."

Baba zai tashi. Ba da sauri ba. Zai tako har bakin tebur ya ɗora tafin hannunsa a kan akwatin da ke buɗe.

"Ba wanda zai wanke mini komai."

"Baba, ai wankewar ba da ruwa ba ce, nufina…"

"Na san nufinka. Na ce ba wanda zai wanke mini komai."

Yaya, da ta leƙo daga ƙofa, za ta harari mijinta. Baba zai juyo gare ka, murya a sanyaye.

"Ɗana, abin da ke cikinta, yana nan?"

Ga gaskiyar magana: ba ka sani ba. A nan kaɗai na yarje maka ka sauke fuskar gwani. Ka ce, "Baba, ban taɓa wurin da take ajiya ba, kuma ba zan taɓa ba. Sauran sai mun gani." Zai gyaɗa kai, ya ɗauke hannunsa.

Ka mayar da ram. Akwai ɗan tsagi a bakinta, ta fuska ɗaya kawai take shiga. Ka danna har ka ji ƙas. Idan ba ka ji ƙas ba, ka sake. Idan ka ji ƙaras, ka fara tunanin garin da za ka koma da zama.

Mataki na 8: Ari batir a inda ya dace

Ka jona wuta, ka danna. Kukan nan ya ɗauke. Ƙit, sau ɗaya, gajere. Allo ya yi haske, fararen rubuce-rubuce suka fito a kan baƙi.

Kada ka yi murna tukuna. Za ta tsaya a nan, ta ce ba ta san rana ba, ba ta san wata ba, kuma a ganinta ana cikin shekarar da kai kana makarantar firamare. Ba hauka ta yi ba. Akwai wani ɗan batir a cikinta, faffaɗa kamar maɓallin riga, shi ke riƙe mata lokaci, kuma ya mutu.

Ka kashe, ka zare wuta, ka ɓanɓaro shi da farce. Ka ɗaga shi sama ka duba lambarsa. Sannan ka juya a hankali ka dubi makullin motar da ke yatsan Ai-na-faɗa.

Ka ce masa, "Yaya, ara mini makullin nan."

"Me za ka yi da shi?"

"Irin batirinsu ɗaya."

"To motar fa?"

Ba kai za ka amsa ba. Baba ne zai ce, "Ba shi." Kalma biyu. Ka buɗe makullin, ka zare batirin, ka miƙa masa ɓawon da ladabi, da hannu biyu. Yadda zai buɗe motarsa anjima, wannan wani darasi ne daban, kuma ba ni ke koyar da shi ba.

Mataki na 9: Ja da baya

Ka sa batir, ka rufe murfi, ka ɗaure kusoshi. Ɗaya za ta yi saura, kullum haka ne, ka sa ta a aljihu. Ka mayar da wayoyin baya kowacce ramin da ya yi kalarta, har da ta 'yan lasifikan nan biyu da ke gefen allo, waɗanda ka yi ta murɗa wa kunne ɗazu don a ga kana aiki. Ka kunna. Ka gyara mata kwanan wata. Ka danna maɓallin da ta ce ka danna.

Yanzu sai jira. Tsohuwar kwamfuta ba ta tashi da gaggawa. Za ta yi tari, ta yi tsaki, ta yi shiru har ka ɗauka ta sake mutuwa. Baba ya ja kujera ya zauna gabanta, ya gyara wuyan rigarsa. Matarka da Yaya na tsaye a bayansa. Allo ya yi shuɗi.

Ka san ɗan kiɗan nan da kwamfuta ke yi idan ta gama tashi? Wannan ba shi za ta yi ba. Da yake ka ƙure lasifikan ba ka sani ba, muryar za ta cika gidan har tsakar gida:

"Malam, ka sha maganin naka kuwa? … Kai, ɗan nan, ɗauka kake yi? Kashe abin nan, ba na son shashanci!"

Sai dariya. Dariyar Mama, mai ɗan tari a ƙarshe. Sai shiru.

Yaya za ta dafe bango. Matarka ta toshe baki da gefen mayafi. Ai-na-faɗa, karo na farko tun da ka san shi, bai riga ya faɗa ba.

Baba bai juyo ba. Ya dubi allon ya ce, "Yanzu zan sha." Sannan ya ce wa Yaya, "Miƙo mini ledar nan ta kan durowa, da ruwa."

Daga baya za ka ji labarin. Autansu ne, wanda yanzu aiki ya kai shi nesa, ya ɗauki muryarta wata rana don tsokana, ya sa ta a madadin kiɗan tashi. An yi dariya, an manta. Baba bai iya komai a kwamfuta ba, ko linzaminta ba ya taɓawa. Kullum da safe yakan ɗaga ƙyalle, ya danna makunni, ya jira a tambaye shi, ya sha magani, ya kashe.

A wannan mataki ba ka da aiki. Kada ka ce "hmm". Ka rage ƙarar lasifikan kaɗan, ka tattara cajojinka.

Mataki na 10: Karɓi yabo, ka gudu

Matarka za ta share ido ta ce, "Baba, bari a sa maka ita a waya. Ka ga ko wannan ta sake tsayawa…"

"Ku sa a naku," in ji shi. "A waya kowa magana yake yi. Nan kuwa ita kaɗai ce."

Duk da haka ka kwafe muryar. Idan ba ka san inda take ba, ka sake kunna kwamfutar, matarka ta kara wayarta a bakin lasifika. Baba ba zai hana ba. Zai ma ce a sake, wai na farkon bai fito da kyau ba. Yana faɗa yana jawo kwanon abincin nan, yana buɗewa.

Da za ku tafi zai rako ka har bakin ƙofa, abin da bai taɓa yi ba. Zai riƙe hannunka ya ce, "Allah Ya yi maka albarka, injiniya." Ka sunkuyar da kai ka ce amin. Kada ka gyara masa. Ka yi sauri ka fita kafin Yaya ta tuna cewa firjinta ma ya daina sanyi.

Sanarwa

Mai wannan bayani ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Idan ka bi matakan nan wuta ta ja ka, ko hayaƙi ya tashi, ko gidan surukai ya kwana ba shayi saboda ka manta da wayar buta a jikin kwamfuta, ni ban san ka ba, ba mu taɓa haɗuwa ba. Idan labarinka ya bazu cikin dangi aka fara aiko maka da fanka, da dutsen guga, da agogon bangon da ya tsaya tun kafin a haife ka, ka nemi wani malamin. Kuma idan kun koma gida, matarka ta leƙo daga kicin ta ce, "Yallaɓai, ka ci abinci kuwa?" sai ka ji hannunka na lalube a aljihu yana neman waya don ka ɗauki muryar, wannan ba ya cikin matakaina. Tsakaninka da ita ne.